Yadda ake tattara kayan sojan yaƙe-yaƙen baya, da yadda ake gane na gaske

Kayan da masu wannan sha'awa ke tarawa sun haɗa da lambobin yabo, bajo, maɓallai, hular kwano, banati, kaki, jakunkuna, kwanson harsashi, wasiƙu, hotuna da taswirori. Tara su ba wuya. Wuyar tana wajen sanin abin da ke hannunka, domin an daɗe ana buga jabun kayan Yaƙin Duniya na Biyu, har jabun ma ya tsufa ya yi tsatsa irin ta gaske. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa sun koma kan abu guda: kayan shi ne zai ba da shaida a kan kansa, bakin mai sayarwa ba hujja ba ne.

Kayan aikin da za ka tanada

- Gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu gyaran agogo. In babu, kyamarar waya da aka matso da ita cikin haske mai kyau za ta yi rabin aikin.
- Ƙaramin sikeli mai auna har giram 0.1.
- Ma'aunin kauri mai nuna milimita. Rular ƙarfe tana maye gurbinsa a manyan kaya, amma ba ta isa ga lambar yabo ba.
- Ƙaramin maganaɗisu. Naɗe shi da ɗan ƙyalle don kada ya karce fenti.
- Tocila biyu: ta yau da kullum, da mai hasken UV.
- Safar hannu ta nitiril, da burushi mai laushi irin na masu zane.
- Littafin rajista, fensir, da ƙananan katuna masu zare na rataya wa kaya.
- Takardar naɗi marar asid, jakunkunan polietilin, ƙullin silika mai shanye danshi, da ma'aunin danshi.
- Littafin bayani mai hotuna na fannin da ka zaɓa. Saye shi kafin ka sayi kaya na farko, ba bayansa ba.

Mataki na 1: Zaɓi fanni ɗaya

Wanda ya ce zai tara komai ba zai ƙware a komai ba, kuma shi ne abincin 'yan jabu. Ɗauki yaƙi ɗaya da ƙasa ɗaya, ko nau'in kaya ɗaya: lambobin yabon Birtaniya na 1914 zuwa 1918, ko hulunan kwanon Amurka, ko maɓallan rajimanti guda. Ga sabon shiga, kayan da aka yi da yawa sun fi dacewa. An raba British War Medal, lambar yabon Birtaniya ta azurfa ta Yaƙin Duniya na Ɗaya, sama da miliyan 6, don haka samun ta gaske ba wahala, kuma wanda ya riƙe guda ashirin a hannu ya san nauyinta da kaifin rubutunta. Kada ka fara da kayan Jamus na zamanin Nazi. Babu fannin da jabu ya cika kamarsa.

Mataki na 2: San abin da ba a taɓawa

Wannan ya riga batun kuɗi da kyau. Harsashin igwa, gurneti, nakiya, ko kan bam da ba ka da takardar shaidar an kwance shi, ɗauke shi a matsayin mai rai. Manoma a Faransa da Beljiyam har yau suna tono irinsu daga filayen yaƙin 1914 zuwa 1918, kuma tsufa ba ya kashe su, ƙara musu saurin fushi yake yi. Kada ka ɗaga, kada ka ƙwanƙwasa, kada ka yi ƙoƙarin kwance wani dunƙule. Matsa nesa ka sanar da hukuma. Kwanson tagulla da babu komai a cikinsa ba shi da haɗari idan ɗan madaurin wuta da ke gindinsa yana da lotsawar allurar bindiga. In gindin sumul yake, a bar shi.

Akwai wasu haɗura uku da ba sa yin ƙara. Matatar takunkumin gas na Yaƙin Duniya na Biyu sau da yawa tana ɗauke da asbestos, ma'adinin da ƙurarsa ke cutar da huhu, don haka ba a sa shi a fuska ko da na minti ɗaya don hoto. A toshe bakin matatar, a sa shi cikin jaka biyu. Kampas, agogon hannu da agogunan jirgin sama na wancan zamani an shafa wa lambobinsu fentin radiyam. Ko ya daina haske da dare, radiyam ɗin yana nan, domin sai bayan kimanin shekara 1,600 yake raguwa da rabi. Kada ka buɗe gilashin, kada ka ajiye shi a ɗakin kwana, wanda gilashinsa ya fashe kuma kada ka saya. Na uku shi ne tsohon fim na naitiret, wanda ke kama wuta cikin sauƙi kuma ruwa ba ya saurin kashe ta.

Sai doka. Kowace ƙasa da tata, kuma a wasu ƙasashen kwanson harsashi ɗaya a aljihu ya isa a tsare mutum a filin jirgi. Jamus ta hana baje alamomin Nazi a fili. A Amurka laifi ne sayar da Medal of Honor, babbar lambar jarumtaka ta sojan ƙasar. Rasha ta hana cinikin lambobin girmamawa na gwamnati da fitar da su. Birtaniya tana da dokar 1986 mai kare tarkacen jiragen soja. Bindiga, ko an ce an kashe ta, tana buƙatar izini a wurare da yawa. Binciki dokar inda kake da ta inda kayan zai fito kafin ka biya.

Mataki na 3: Dubawar farko

Shimfiɗa tawul a kan tebur, sa safar hannu. Kada ka goge komai tukuna. Ɗauki hoton gaba, baya, gefe da kowane hatimi, da rula a kusa. Auna tsawo, faɗi da nauyi ka rubuta.

Sannan kwantar da hasken tocila a gicciye, kusan daidai da fuskar kayan. Hasken gicciye yana fito da rubutun da ya shafe, da wurin da aka goge da magagari, da fentin da aka ɗora kan wani. Abin da kake nema shi ne ko lalacewar ta dace da amfani. Kayan da aka yi aiki da shi yana cinyewa ne a inda hannu, kafaɗa ko ƙasa ke taɓawa: tudun maɓalli, bakin aljihu, saman hula. Lungu kuwa yana riƙe fenti da datti. Idan tsufan ya bazu daidai ko'ina, har cikin lungu, to da sinadari ko takardar yashi aka yi shi. Shinshina kuma. Warin sabon fenti, gam, man takalmi ko hayaƙi a kan abin da aka ce ya shekara 80 abin tambaya ne.

Mataki na 4: Karanta hatimai da shekaru

Soja ba ya karɓar kaya ba tare da alama ba, kuma nan ne mafi yawan amsoshin suke.

Kayan gwamnatin Birtaniya suna ɗauke da alamar kan kibiya mai layi uku. A kan jakunkuna da ɗamarun zane za ka ga sunan kamfani da shekara da tawada a ciki, kamar M.E.Co. A gindin harsashin .303, K na nufin kamfanin Kynoch, R da L da kibiya a tsakani na nufin masana'antar gwamnati ta Woolwich, VII kuma samfurin harsashin ne. Jamus ta ɓoye sunayen masana'antunta da haruffa: byf na Mauser ne a Oberndorf, ac na Walther, bnz na Steyr. Kusa da su akwai ƙaramar mikiya da WaA da lamba, hatimin mai duba kaya. A kayan Amurka na bayan yaƙi, lambar kwangila mai farawa da DSA ta shekarun 1960 zuwa wajen 1977 ce, DLA kuma ta biyo bayanta. Riga mai ɗayan waɗannan ba ta ga Yaƙin Duniya na Biyu ba, duk abin da aka faɗa maka.

Kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi shi ne ɗaukar kowace shekara da ya gani a matsayin shekarar ƙira. Banatin Birtaniya mai 1907 a gindin ruwansa, wannan shekarar samfurin ce. Watan da shekarar da aka ƙera shi suna ƙasa da ita da ƙananan lambobi, kamar 8 da 17, wato Agusta 1917. Kuros ɗin ƙarfe na Jamus, lambar yabon soja mai siffar gicciye, yana da 1813 a bayansa, shekarar da aka kafa lambar, alhali 1914 ko 1939 da ke gaba ita ke nuna yaƙin. Wasu ƙasashe kuma da nasu lissafin. A kayan Japan, ƙara 1925 a kan shekarar Showa, wato shekarar mulkin Sarki Hirohito: Showa 18 ita ce 1943. Italiya ta zamanin Musolini tana ƙirga daga Oktoba 1922 da lambobin Rumawa, don haka XVIII ta faɗo daga ƙarshen 1939 zuwa 1940. Tauraron yaƙin Daular Usmaniyya yana ɗauke da 1333 da lambobin Larabci, wadda ta yi daidai da 1915.

Kambin da ke kan bajo da maɓallan Birtaniya shi ma kalanda ne. Mai ƙusumbi a sama na sarakunan 1902 zuwa 1952 ne. Mai lotsawa a tsakiya na zamanin Sarauniya Elizabeth ta Biyu ne. Lura cewa Sarki Charles na Uku ya dawo da mai ƙusumbin, don haka a yanzu sai ka haɗa da duba ƙarfen: bajo marar nauyi mai ƙyalli na alminiyam daga shekarun 1950 ya fara.

Mataki na 5: Lambobin yabo

Lambar yabo ta gaske bugawa ake yi da inji mai tsananin ƙarfi, kamar kwabo. Jabu yawanci zubi ne daga jikin ta gaske. Zubi yana barin shaida: ƙananan ramuka kamar na soso a fili, haruffa masu kumburin gefe, siririn layi a kewaye inda mazubin ya haɗu, kuma yakan ɗan gaza a faɗi domin ƙarfe yana tsukewa in ya huce. British War Medal da Victory Medal faɗinsu milimita 36 ne. Auna, ka kwatanta nauyi da na littafinka.

Lambobin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Ɗaya suna da babbar fa'ida: an buga lambar soja, muƙami, suna da runduna a kansu, a kaurin gefe ga masu da'ira, a baya ga taurari. Za ka ga gajerun kalmomi kamar PTE. na farabiti, CPL. na kofur, SJT. na saje, sai R.A., R.E., K.A.R. da makamantansu na runduna. Duba haruffan da gilashi. Su kasance masu zurfi ɗaya, a layi ɗaya. Abin da ake yi na ha'inci shi ne a goge sunan wani a sa na sojan da ya fi suna. Auna faɗin lambar a wurare uku ko huɗu. In ta gaza a ɓangaren da sunan yake, ko gefen ya sirance a nan, an goge.

Na Yaƙin Duniya na Biyu kuwa Birtaniya ta raba su ba suna, sai Ostareliya, Afirka ta Kudu da Indiya ne suka buga wa nasu. Don haka jerin lambobi marasa suna ba ya tabbatar da na wane ne, sai da takardar rakiya ko kwalin da aka aiko su a ciki. Nan sanin ƙa'idar rabo ke ceton mutum. Ba a ba soja ɗaya tauraron Burma da na Pacific tare ba: na farko da ya cancanta ake ba shi, na biyun ya zama ɗan maƙali a kan ƙyallen. Haka tsakanin taurarin Atlantic, Air Crew Europe da France and Germany. A yaƙin farko, ba a haɗa wa mutum 1914 Star da 1914-15 Star, kuma ba a ba da Victory Medal ita kaɗai. Jerin da ya karya waɗannan ƙa'idoji haɗe-haɗe ne. Air Crew Europe ita ce aka fi yi wa jabu cikin taurarin, don haka kada ka saye ta daga hoto.

Kuros ɗin ƙarfe na Jamus gutsure uku ne: baƙin ƙarfe a tsakiya, da firam biyu da aka liƙe gaba da baya. Maganaɗisu zai kama tsakiyar, ba zai kama firam ba, kuma da gilashi za ka ga layin haɗin a gefe. Wanda aka zuba gaba ɗaya aka yi wa tsakiyarsa baƙin fenti jabu ne a mafi yawan lokuta. Akwai kuma samfurin 1957 mai ganyen itace a tsakiya, wanda aka yi wa tsofaffin sojoji bayan yaƙi. Na halal ne, amma ba na lokacin yaƙi ba. Irin wannan tarko yana nan a lambar Tarayyar Sobiyet ta Yaƙin Kishin Ƙasa, wadda aka sake rabawa da yawa a 1985 don cikar shekara 40 da nasara. Ta 1985 ƙirarta ta fi sauƙi, kuma darajarta a wurin masu tarawa ba ta kusa da ta lokacin yaƙi ba.

Ƙyallen lamba ba hujja ba ne ko ta wane ɓangare, domin tsofaffin sojoji da kansu suna sauya shi in ya koɗe. In ka sa sabo, ajiye tsohon a ambulan tare da lambar.

Mataki na 6: Hular kwano

Raba hular kashi uku a ranka: ƙoƙon ƙarfe, shimfiɗar ciki, da igiyar haɓa. Kowanne ka tantance shi daban, domin sau da yawa ƙoƙon na gaske ne, sauran sababbi.

A hular Jamus, dubi baki da ramin iska. Samfurin 1935 bakinsa a naɗe yake zuwa ciki, kuma ramin iskar wani ɗan zobe ne daban da aka cusa. Samfurin 1940 bakinsa a naɗe, amma ramin iskar daga jikin ƙarfen aka matso shi. Samfurin 1942 ba a naɗe bakin ba, an bar shi a buɗe da kaifinsa. A ciki akwai haruffan masana'anta da girma, kamar ET64 ko Q66, da wata lamba a ƙeya. Tambarin da ke gefe shi ne inda ake cutar mutane, domin shi ke ninka farashi. An daina sa tambarin garkuwa mai launi uku a 1940, aka daina sauran a 1943, don haka samfurin 1942 mai tambari biyu abin gudu ne. Tambarin gaske ya tsufa tare da fentin da ke ƙarƙashinsa: karcen da ya bi ta kan fenti zai ci gaba ta kan tambarin. In karcen ya shige ƙarƙashinsa, daga baya aka manna. Ka sani kuma Sifen ta yi hula mai kama da wannan, 'yan kwana-kwanan Jamus ma sun ci gaba da sa irinta bayan yaƙi.

Hular M1 ta Amurka, wadda ta fara aiki a 1941, tana da zoben ƙarfe a kewayen baki. Inda bakin zoben biyu suka haɗu yana gaba a ƙirar farko, ya koma baya wajen ƙarshen 1944. Maƙalan igiyar haɓa a kafe suke da walda har zuwa 1943, daga nan aka koma masu lilo. Haɗi a gaba da maƙali kafaffe na nuna farkon yaƙi. Haɗi a baya ba ya nuna komai shi kaɗai, domin an ci gaba da yin irinta shekaru da yawa, ƙasashen Turai da dama kuma sun kwaikwaye ta.

Hular Birtaniya mai kama da faranti yawanci da ƙarfen manganis aka yi ta, wanda maganaɗisu ba ya kamawa sosai. Waɗanda aka yi wa ma'aikatan kare farar hula da ƙarfe mai rauni an huda musu ƙananan ramuka a baki don a bambanta su. Nemi shekara a ƙarƙashin baki kusa da maƙalin igiya, da kuma a jikin shimfiɗar ciki.

Mataki na 7: Tufafi da bajo na zane

Juya rigar ciki waje. Lakabi, ɗinki da zif sun fi gaban rigar faɗin gaskiya. Zif na rigunan Amurka na yaƙin biyu yakan zama Talon, Crown ko Conmar. Ganin YKK a kansu na nufin ko an sauya zif ɗin, ko rigar ta baya ce. Maɗaurin ƙar-ƙar mai mannewa, wato Velcro, bai wanzu ba a lokacin. Dubi ƙarƙashin kowane bajo: in zanen da ke ƙasa ya koɗe daidai da sauran rigar, ko akwai ramukan tsohon ɗinki da ba su dace da shi ba, an ɗora bajon daga baya.

Kashe fitila ka haska tocilar UV. Sinadarin ƙara fari da ake sa wa zare da takarda ya yaɗu ne daga shekarun 1950, kuma yana walƙiya da shuɗi-shuɗi mai haske. Farin zare ko takardar 1943 ya kamata su yi dishi-dishi. Amma kada ka yanke hukunci da wannan kaɗai: tsohuwar rigar da aka wanke da garin sabulun zamani za ta yi walƙiya a dabbare-dabbare, kuma masu jabu sun iya neman zaren da ba ya walƙiya. Gwajin yana kama ƙarya, ba ya tabbatar da gaskiya.

In babu tocilar, ciri ɗan silin zare da ya riga ya saki daga ciki, riƙe shi da hantsaki ka kusanta shi da wuta, nesa da kayan. Auduga tana ƙonewa ta bar toka mai laushi da warin takarda. Ulu yana warin ƙonannen gashi. Zaren roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri. Togaciya ɗaya: Amurka ta yi amfani da nailan a laimar sauka daga jirgi da igiyoyinta tun lokacin yaƙin.

Mataki na 8: Bi sawun mai kayan

In akwai suna ko lamba, aikin ya yi daɗi. Ga sojan Birtaniya na yaƙin farko, fara da katunan lambobin yabo da ke rumbun adana takardu na ƙasa a Kew, jerin WO 372. Katin zai nuna lambobin da ya cancanta, sai ka gwada da abin da ke hannunka. Nemi suna da lamba da runduna tare, domin kafin 1920 kowace rajimanti da nata jerin lambobi, mutane da yawa suna iya raba lamba ɗaya. In ya mutu a yaƙi, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth tana da rajista kyauta a intanet. Lambobin jarumtaka ana buga su a London Gazette. Lambobin Sobiyet masu lamba a baya ana iya bin su ta rumbunan Rasha.

Kada rashin fayil ya sa ka ce kayan jabu ne. Fiye da rabin fayilolin sojan Birtaniya na yaƙin farko sun ƙone a harin bam na 1940 a Landan, gobarar 1973 a St. Louis kuma ta cinye miliyoyin fayilolin sojan Amurka. In haka ta faru, koma ga littafin tarihin rundunar, jaridun lokacin, da abin da ke jikin kayan. Farantin wuyan sojan Amurka, misali, yana da T42 ko T43, shekarar allurar tetanus, kuma lambar da ta fara da 3 ta wanda aka ɗauka aikin dole ce, mai farawa da O ta hafsa.

Mataki na 9: Saye

Nemi hotunan baya da ciki da hatimai kafin komai. Mai sayarwar da ya ƙi, ko ya turo hoto mai hazo, ya riga ya ba ka amsa. Nemi sharaɗin mayarwa a rubuce. Labarin cewa wani kaka ne ya ciro shi daga jikin janar ba ya ƙara ko kwabo, sai in da wasiƙa, hoto ko takardar izinin shigo da ganima mai sunan sojan. Takardar shaidar inganci da dillali ya buga da kansa darajarta daidai take da darajar dillalin. In kaya mai wuyar samu ya zo da araha, ko dillali ɗaya yana da irinsa guda biyar, wuce. Kuma in ka sami lambobi da hotuna da takardun mutum ɗaya, kada ka raba su, ko a ajiya ko a sayarwa.

Mataki na 10: Tsaftacewa da ajiya

Mafi yawan ɓarnar da ake yi wa waɗannan kaya da kyakkyawar niyya ake yin ta. Man goge ƙarfe yana cinye rubutu da ruwan zinare, sabon fenti yana kashe darajar hula, man fata yana baƙanta fata ya jawo fumfuna. Burushi mai laushi ya isa ga kusan komai. Ga ƙarfe marar fenti kamar ruwan banati, share jar tsatsa mai gari da ɗan mai marar nauyi da tsumma, busar, sannan ka shafa siririn Renaissance Wax, wani kakin adana kayan tarihi, ka goge. Baƙin dattin tsufa da ya zauna lafiya, bar shi. Amma koren gari mai haske da ke fitowa kamar ƙura a jikin tagulla ciwo ne mai ci: ware kayan, sa shi a akwati mai rufi da silika, ka nemi masanin adana kayan tarihi.

Riƙe danshin ɗaki tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100, ƙarfe zalla kuma ƙasa da haka. Nisanta kaya daga rana, domin ƙyalle da tawada ba sa dawowa in sun koɗe. Kada ka yi amfani da ledar PVC, tana fitar da sinadarin da ke sa tagulla kore da danƙo. Ulu yana baƙanta azurfa, katakon oak kuma yana cin dalma, don haka shimfiɗa auduga ko takarda marar asid a akwatin nuni. Zare banati daga kuben fata a ajiye su gefe da gefe. Hula a ɗora ta a kan abin da zai tallafi ƙoƙon, kada nauyin ya sauka a kan shimfiɗar ciki. Takardu a cire musu ƙusar ƙarfe da roba, kuma kada a taɓa liƙe su da injin laminatin.

Duk sabon kayan ulu a killace shi kafin ya shiga cikin sauran, saboda asu. Sa shi a jaka, fitar da iska, ɗaure, ka sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako ɗaya zuwa biyu. In ka fitar, bar shi a jakar kwana ɗaya kafin ka buɗe, don raɓa ta sauka a kan jakar maimakon zanen. Ba a yi wa kaya mai fenti ko gilashi haka. In babu firiza, bar shi a rufe a kan farar takarda na wata guda, kana duba ko gari ko ƙananan kwasfa sun zubo.

Mataki na 11: Rajista

Ba kowane kaya lamba, kamar 2025.014, wato na 14 da ya shigo a shekarar. Rubuta ta da fensir a kati mai zare ka rataya, kada ka rubuta a jikin kayan. A littafi ka sa ranar saye, wurin wa, awo, hatimai harafi da harafi, duk gyaran da ka yi, da matsayin tabbacinka: tabbatacce, mai yiwuwa, ko jabu. Jabun da ka gano kada ka mayar da shi kasuwa. Rubuta masa kati ka ajiye shi kusa da na gaske, domin gwada su biyun ƙarƙashin gilashi. Ajiye kwafin hotuna da rajistar a wani wuri daban da inda kayan suke, ka kuma zagaya kayan duk wata uku da tocila, kana neman sabuwar tsatsa, koren gari da kashin asu.